Filin Amsa Tambayoyin Masu Karatu: Yaushe Alƙaluman Ƙasashe Suke Tafiya Tare da Gaske?

A wannan fitowa mun ware filin gaba ɗaya ga wasiƙu biyar da suka zo mana a kan al'amari guda, wato yadda ake tabbatar da cewa abubuwa biyu na tattalin arziki suna da alaƙa mai ɗorewa, idan aka tattara alƙaluman ƙasashe da yawa na shekaru da yawa a tebur ɗaya. Irin wannan tebur shi ne masu fannin suke kira bayanan fanel. Mun taƙaita wasiƙun, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce ta digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Ina nazarin alaƙar kuɗin da 'yan ci-rani suke aikowa gida da yawan arzikin da ƙasa take samarwa, a ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma daga 1990 zuwa 2020. Da na yi lissafin rigireshan, wato lissafin da yake auna yadda abu ɗaya yake sauyawa tare da wani, sai na samu alaƙa mai ƙarfi ƙwarai, har kwamfuta ta nuna cewa lissafin ya bayyana kashi 93 cikin 100 na sauyin da ake gani. Amma malamin da yake duba aikina ya ce wannan ba hujja ba ce sai na yi gwajin kowintigireshan. Me ya sa adadi mai girma haka ba zai wadatar ba? Daga wata ɗaliba, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Malaminki yana da gaskiya, kuma abin da yake jiye miki tsohon ciwo ne a wannan fanni, wanda aka gano tun kafin a ƙera kwamfuta. A shekarar 1926 wani masanin ƙididdiga ɗan Birtaniya, George Udny Yule, ya ɗauko alƙaluman Ingila da Wales na 1866 zuwa 1911, ya jera kason auren da ake ɗaurawa a Cocin Ingila kusa da yawan mace-macen jama'a, sai ya tarar ma'aunin dangantakarsu ya kai 0.95, alhali iyakar ma'aunin 1 ne. Babu mai hankalin da zai ce raguwar ɗaurin aure a coci ita ce ta rage mutuwa. Abubuwan biyu ne suke gangarowa a tsawon waɗannan shekaru, kowanne saboda nasa dalilan, lissafi kuwa gangarar kawai yake gani. A 1974 Clive Granger da Paul Newbold na Jami'ar Nottingham suka sa kwamfuta ta ƙirƙiro jerin lambobi bibbiyu waɗanda babu abin da ya haɗa su, kowane jeri yana yawonsa kara zube, sannan suka yi musu rigireshan, kuma a kusan kashi uku cikin huɗu na gwaje-gwajen lissafin ya ba da shaidar cewa akwai alaƙa. A 1980 David Hendry ya ƙara fito da abin fili, inda ya nuna cewa jimillar ruwan saman da ya sauka a Birtaniya, idan ana tara na yau a kan na jiya, tana bin sawun hauhawar farashin ƙasar a lissafi bi na ban mamaki.

Domin ki ga tushen matsalar, ki raba jerin alƙaluma gida biyu. Akwai jerin da yake kamar akuya a turke: tana zuwa gabas, tana zuwa yamma, amma igiya tana dawo da ita, kuma idan aka tambaye ki inda take badi za ki iya nuna wajen turken. Akwai kuma jerin da ba shi da turke, wanda kowane takunsa yake farawa daga inda na baya ya tsaya, ta yadda duk wata girgiza da ta same shi, fari ne ko yaƙi ko faɗuwar darajar kuɗi, takan zauna a jikinsa, ba ya komawa inda ya baro. Wannan na biyun shi ne littattafai suke cewa yana da yunit rut. David Dickey da Wayne Fuller suka fitar da gwajinsa a 1979, sannan a 1982 Charles Nelson da Charles Plosser suka gwada manyan jerin alƙaluman tattalin arzikin Amurka guda 14, suka tarar 13 daga ciki ba a iya tabbatar musu da turke ba, in ban da adadin marasa aikin yi. Arzikin ƙasa, farashin kaya, yawan kuɗin da ke hannun jama'a, da kuɗin 'yan ci-rani da kike nazari, yawancinsu 'yan wannan gida ne. Idan aka haɗa marasa turke biyu a rigireshan, babban adadi irin wanda kika samu yana iya fitowa ko da babu komai a tsakaninsu.

Sai dai rashin turke ba ya nufin rashin alaƙa, kuma nan ne Granger ya kawo abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2003. Ki ɗauki saniya da ɗan maraƙinta da aka saka a makiyaya. Babu wanda zai iya faɗa miki inda saniyar za ta kasance da la'asar, haka ma maraƙin, amma ratar da ke tsakaninsu ba za ta yi ta faɗi har abada ba, domin idan ya yi nisa zai yi kuka, ko ita ta juyo, ko shi ya biyo ta. Kowannensu ba shi da turke, amma tazararsu tana da shi. Wannan shi ne kowintigireshan, wanda zan riƙa kira ɗaurin tafiya. Hanyar da Robert Engle da Granger suka shimfiɗa a 1987 mataki biyu ce: a yi rigireshan, a ɗauki ragowar da lissafin bai bayyana ba, wato tazarar nan, sannan a gwada ko ragowar tana komawa mazauninta. Idan tana komawa, alaƙar ta dogon zango ce. Idan ita ma yawo take yi, to shanu biyu ne na garke daban-daban da hanya ta haɗa na ɗan lokaci. Søren Johansen na Jami'ar Kwafanhagan ya faɗaɗa hanyar a 1988 domin a iya gano ɗauri fiye da ɗaya idan abubuwan da ake nazari sun wuce biyu.

Dalilin da ya sa ake tara ƙasashe shi ne waɗannan gwaje-gwaje suna da rauni idan shekarun kaɗan ne. Shekara 31 ta ƙasa ɗaya sau da yawa ba ta isa a bambance tazarar da take komawa a hankali da wadda ba ta komawa sam. Ƙasashe 15 a shekara 31 kuwa suna ba ki lambobi 465, kuma da wannan ne ake fatan gwajin zai samu ƙarfi. Shawarata ita ce ki fara da mayar da alƙalumanki zuwa ƙimar gaske, wato ki cire tasirin hauhawar farashi, ki kuma raba su da yawan jama'a, domin waɗannan biyu su kaɗai suna iya tura kowane jeri sama. Bayan haka ki gwada kowane jeri shi kaɗai. Gwajin Levin da Lin da Chu na 2002 yana ɗauka cewa duk ƙasashen saurin komawarsu ɗaya ne, na Im da Pesaran da Shin na 2003 kuwa yana barin kowace ƙasa da nata saurin, kuma ga tarin da ya haɗa Nijeriya da Gambiya da Kef Bad na biyun ya fi kusa da hankali. Sai kin tabbatar jerin biyu duka marasa turke ne, kuma bambancin kowace shekara da wadda ta gabace ta yana da turke, sannan maganar ɗaurin tafiya take tasowa. Ki kuma karanta amsar tambaya ta uku kafin ki amince da sakamakon.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na yi gwajin Pedroni a kan amfani da wutar lantarki da bunƙasar arziki a ƙasashe 20 na Afirka, shekara 25. Ma'aunai bakwai suka fito, huɗu sun ce akwai ɗauri, uku sun ce babu. Abokan karatuna sun ce in bi mafi rinjaye in rubuta cewa akwai. Haka ake yi? Daga wani ɗalibin digiri na uku, Zariya.

AMSA: Malam, na san haka ake yi a rubuce-rubuce masu yawa, kuma abin yana damuna, domin ƙidayar rinjaye a nan ba ta da tushe a ilimin ƙididdiga. Ma'aunan bakwai da Peter Pedroni ya fitar a ayyukansa na 1999 da 2004 duka daga ragowa ɗaya ake lissafa su, saboda haka kamar mutum ɗaya ne aka yi wa tambaya sau bakwai da lafazi daban-daban. Huɗu daga ciki suna haɗa ragowar ƙasashen wuri guda, bisa zaton cewa idan akwai ɗauri to saurin komawarsa ɗaya ne a ko'ina. Ukun da suka rage suna lissafa ma'aunin kowace ƙasa daban sannan su ɗauki matsakaici, suna barin kowace da nata saurin. Akwai kuma wurin da ɗalibai suke yawan tuntuɓe: ma'auni na farko, wanda ake yi wa alama da harafin v, sai ya zama babban adadi a sama da sifili yake ba da shaidar ɗauri, sauran shidan kuwa sai sun yi ƙasa da sifili sosai. Ka fara duba wannan, domin na sha ganin teburin da aka karanta a baibai.

Abin da ya kamata ka yi shi ne ka zaɓi ma'aunin da za ka dogara da shi tun kafin ka ga sakamako, ka kuma faɗi dalilinka. Gwaje-gwajen da aka yi da lambobin da kwamfuta ta ƙirƙira sun nuna cewa idan shekarun kaɗan ne, kamar 25 ɗinka, ma'aunan nan biyu da aka gina a kan faɗaɗɗen gwajin Dickey da Fuller, masu alamar ADF, sun fi sauran abin dogaro, yayin da masu alamar rho da v suke yawan kasa gano ɗaurin ko da yana nan. Idan ƙasashenka sun sha bamban da juna, kuma ƙasashe 20 na Afirka lalle sun sha bamban a harkar wuta, to ma'aunin ADF na rukunin matsakaici shi ne ya fi dacewa da halinka. Ka buga dukkan bakwai ɗin a tebur domin mai karatu ya gani, sannan ka bayyana wanda ka bi. Gwajin Chihwa Kao na 1999, wanda za ka samu a manhajojin lissafi na EViews da Stata kusa da na Pedroni, ya fi tsauri a zatonsa, domin yana ɗauka cewa girman alaƙar ɗaya ne a duk ƙasashen, wato ƙarin wuta da kashi ɗaya cikin ɗari yana tafiya da ƙarin arziki iri ɗaya a Afirka ta Kudu da Nijar. Idan ba ka yarda da wannan zato ba, amincewar Kao ba ta ƙara maka hujja ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. A gaban alƙali, hujja tana kan mai da'awa, wanda ake ƙara kuma ana ɗaukarsa kuɓutacce har sai an kawo shaida. Haka gwajin yake. Matsayin asali a wurin Pedroni da Kao shi ne babu ɗauri a ko da ƙasa ɗaya, kai ne mai da'awar cewa akwai. Idan ƙimar p ta gaza 0.05, ma'anarta ita ce da a ce babu ɗauri ko'ina, da irin wannan sakamako ba zai fito ba sai ƙasa da sau biyar a cikin ɗari. To rushe maganar "babu a ko'ina" ba daidai yake da tabbatar da "akwai a ko'ina" ba. Ƙasashe shida ko bakwai masu ɗauri mai ƙarfi suna iya jan ma'aunin har ya ƙetare iyaka, sauran 14 ko 13 kuwa babu komai a cikinsu. Saboda haka wanda ya rubuta a babin shawarwari cewa kowace gwamnati a cikin 20 ɗin ta yi kaza domin an samu alaƙar dogon zango, ya faɗi abin da gwajinsa bai faɗa ba. Ka duba ƙasashen ɗaya bayan ɗaya, ka zana ragowar kowace a hoto, za ka ga waɗanda suke ɗauke da sakamakon. Haka kuma kasa rushe matsayin asali ba ya tabbatar da cewa babu ɗauri, yana iya zama shaidar ce ta yi ƙaranci.

Gwajin kuma ba ya faɗa maka girman alaƙar, ba ya kuma faɗa maka wanne ne yake jan wanne. Girman ana ƙiyasta shi da wasu hanyoyi, irin su FMOLS da DOLS, ko hanyar PMG ta Pesaran da Shin da Smith ta 1999, wadda take daidaita alaƙar dogon zango a duk ƙasashe amma ta bar kowace da nata motsin gajeren zango. Maganar sababi kuwa, ɗaurin tafiya yana tabbatar da cewa aƙalla ɗaya daga cikin biyun yana gyara tafiyarsa saboda ɗayan, amma wuta tana iya jan arziki, arziki yana iya jan wuta, kuma bunƙasar birane tana iya jan su duka biyu.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa, Malam. Ina aikin bincike a kan bashin da bankuna suke bai wa 'yan kasuwa da bunƙasar arziki a ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, daga 1985 zuwa 2019. Pedroni ya ba ni ɗauri mai ƙarfi. Da na yi gwajin Westerlund tare da butstirap, sai shaidar ta ɓace. Na rasa wanda zan kai wa shugabannina. Daga wani ma'aikacin bincike, Yamai.

AMSA: Malam, ka kai musu na biyun, ka kuma bayyana musu dalilin da na farkon ya ruɗe ka, domin wannan bayani shi kansa sakamako ne mai daraja. A ganina tambayarka ita ce zuciyar wannan al'amari gaba ɗaya.

Ƙarfin da ake samu daga tara ƙasashe ya rataya ne a kan zaton cewa kowace ƙasa shaida ce mai zaman kanta. Shaidu takwas da kowannensu ya ga abu da idonsa sun fi shaida ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Amma idan takwas ɗin duka daga bakin mutum ɗaya suka ji labarin, alƙali mai lura zai ƙirga su shaida ɗaya. Gwaje-gwajen zubin farko, wato na Levin da abokansa, na Im da abokansa, na Kao da na Pedroni, an gina su ne a kan cewa girgizar da ta sami wata ƙasa ba ta da dangantaka da wadda ta sami maƙwabciyarta. Ka dubi ƙasashenka. Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo babban banki ɗaya suke da shi, BCEAO da ke Dakar, shi yake sa musu kuɗin ruwa guda. Kuɗinsu a ɗaure yake da yuro a kan sefa 655.957 tun 1999, kafin nan kuma da faran na Faransa. A Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi a rana ɗaya, faran ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, abin ya sami bakwai daga cikinsu a lokaci guda, ita Gini Bisau sai a 1997 ta shigo. Ka ƙara da farin da yakan game Sahel, da farashin auduga da na man fetur a kasuwar duniya. Da wuya a samu tarin ƙasashen da suka fi waɗannan jin labari daga baki ɗaya.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. A 1998 Paul O'Connell ya sake duba binciken da ake ta yi a kan ko farashin kaya a ƙasashe daban-daban yana daidaita da canjin kuɗinsu a dogon zango. Da yake kusan kowa da dalar Amurka yake auna kuɗin ƙasashen, motsin dala yana shiga kowane jeri. Ya nuna cewa gwajin da ake zaton yana kuskure sau biyar a cikin ɗari yana iya yin kuskure har sau hamsin a cikin ɗari idan aka yi biris da wannan dangantaka, kuma da ya gyara, shaidar da ake taƙama da ita ta zube.

Gwajin da Joakim Westerlund na Jami'ar Lund a Suwidin ya fitar a 2007 ya bi wata hanya. Maimakon duba ragowa, yana tambaya kai tsaye: idan tazara ta buɗe a bara, shin bana ana ganin motsin rufe ta? Adadin da yake auna wannan motsi yana da ma'ana mai sauƙi. Idan ya fito 0.2 ƙasa da sifili, kashi ɗaya cikin biyar na tazarar ake rufewa kowace shekara, rabinta kuma yana gushewa cikin shekara uku da ɗan kai. Ma'aunansa huɗu ne, biyu suna neman ɗauri a aƙalla ƙasa ɗaya, biyu suna nemansa a tarin gaba ɗaya. Shi kuwa butstirap, kwamfuta ce take sake ɗibar bayananka sau ɗaruruwa, tana ɗaukar kowace shekara da ƙasashenta takwas a dunƙule domin kada dangantakarsu ta warware, daga nan ta gina iyakar hukunci da ta dace da shaidu masu jin labarin juna. Iyakar takan fi tsauri, shi ya sa shaidarka ta ɓace.

Kafin ka rubuta rahoto ka yi abu uku. Ka auna dangantakar ƙasashen a fili: da yake naka takwas ne a shekara 35, tsohon gwajin Breusch da Pagan na 1980 ya dace da kai, ka kuma haɗa da gwajin CD na Hashem Pesaran na 2004. Sannan ka sake gwajin yunit rut da hanyar CIPS ta Pesaran ta 2007, wadda take shigar da matsakaicin duk ƙasashen cikin lissafin kowace ƙasa domin ya tsotse girgizar da suka yi tarayya a kai, ko da yake matsakaicin ƙasa takwas kacal ba ya da kaifi sosai. Na uku, ka kula da karayar 1994. Tun 1989 Pierre Perron ya nuna, da misalin durƙushewar tattalin arziki ta 1929 da tashin farashin mai na 1973, cewa tsalle guda babba yana sa jeri mai turke ya yi kama da marar turke. Haka tsalle yake iya ɓoye ɗauri na gaske, saboda haka yana yiwuwa ɗaurinka yana nan amma ya sauya mazauni bayan karya darajar sefa. Westerlund da David Edgerton sun fitar da gwaji a 2008 wanda yake ɗaukar karaya da dangantakar ƙasashe a tare. Masu aiki da alƙaluman Nijeriya su ma su lura da irin wannan. A Afrilun 2014 an sauya shekarar ma'aunin arzikin ƙasar daga 1990 zuwa 2010, ƙiyasin 2013 ya tashi da kusan kashi 89 cikin 100 zuwa wajen dala biliyan 510, kuma bayan sauya ma'aunin farashi, hauhawar da take kashi 34.80 a Disambar 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025. Wannan tsalle na ma'auni ne, wajibi ne mai bincike ya san ko majiyarsa ta daidaita tsofaffin shekaru da sababbi.

TAMBAYA: Malam, alƙaluman da nake da su na shekara 18 ne kawai. An ce mini in sa kwamfuta ta raba kowace shekara gida huɗu in samu lambobi 72. Zai taimaka? Daga wata ɗaliba, Sakkwato.

AMSA: Ba zai taimaka ba, Malama, zai ma iya cutarwa. Lambobin da kwamfuta ta cike a tsakanin shekaru ba wani ne ya auno su ba, layi ne aka ja, kuma santsin layin yana gurɓata gwajin. Ko da alƙaluman wata uku-uku na gaske ne, Robert Shiller da Perron sun nuna tun 1985 cewa tsawon zamanin da aka rufe ya fi yawan lambobin tasiri a ƙarfin gwaji. Wanda yake son sanin ko maraƙi yana komawa wajen uwarsa, kallonsu na awa ɗaya ba zai wadatar ba ko da kowane daƙiƙa yake ɗaga ido. Da shekara 18, ki yi aiki da sauyin shekara-shekara, ki kuma faɗa a fili cewa bayananki ba su kai a yanke hukunci a kan dogon zango ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne. Ɗana yana wannan karatu a jami'a, ya ce har farashin gero ana yi masa irin wannan gwaji. Mu da muke cikin kasuwa, mene ne amfaninsa a gare mu? Daga wani Alhaji, Jibiya.

AMSA: Ranka ya daɗe, Alhaji, abin da ɗanka yake aunawa da kwamfuta ku ne kuke aikata shi da hannunku. Farashin buhun gero a Dawanau, da na Jibiya, da na Maraɗi, kowanne yana hawa yana sauka, babu wanda zai rantse a kan inda zai kai badi. Amma ratar da ke tsakaninsu tana da iyaka, wato kuɗin mota, da na dako, da haraji, da abin da ake kashewa a hanya, da canjin naira da sefa. Ranar da ratar ta wuce wannan iyaka, kuna loda mota daga inda ya yi araha zuwa inda ya yi tsada, har farashin can ya sauko, na nan ya ɗaga. Wannan lodin shi ne motsin rufe tazara da muka yi bayani a sama, kuma saurinsa, mako biyu ne ko wata uku, shi ne ma'aunin lafiyar hanya da ta kasuwa. Amfanin sanin haka ga hukuma da masu agaji babba ne: inda kasuwanni suke ɗaure da juna, ƙarancin abinci a gari ɗaya yana jawo hatsi daga maƙwabta, kuma ba wa mutane kuɗi a hannu yana iya wadatarwa, inda kuwa ɗaurin ya tsinke, kuɗin zai ƙara tsada ne kawai, sai an kai hatsin kansa.

Ga ɗan naka kuma ina da jan hankali wanda kai za ka fi shi gane shi. Idan ratar ba ta kai kuɗin mota ba, babu ɗan kasuwar da zai motsa, saboda haka gyaran ba ya farawa sai an ƙetare wani mataki, kuma Nathan Balke da Thomas Fomby sun tsara hanyar auna irin wannan a 1997. Dole ya cire tasirin kaka da na tsakiyar damina, tunda a duk kasuwannin farashi yana faɗuwa bayan girbi yana tashi kafin sabon hatsi ya shigo. Dole ya mayar da tiya da mudu da buhu zuwa kilo, domin awon wannan kasuwa ba lalle ya zama na waccan ba, kuma hukumar SIMA ta Nijar da take tattara farashin kasuwannin amfanin gona tana da alƙaluman da za su taimaka masa a ɓangaren can. Sannan ya sa alama a kan lokutan da aka rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, domin a waɗannan watanni kuɗin ƙetarar da buhu ya sauya ƙwarai. Nawa ya koma, ta wace hanya aka bi, kuma kwana nawa mota take yi, waɗannan ba ya samunsu a teburin hukuma, saboda haka ka zaunar da shi ka ba shi lissafin waɗannan watanni kamar yadda yake a littafin cinikinka.